Fuska Ta Goma Sha Uku

Ƙarar ta bango ta shigo, ana gama cin abincin dare. Gurnani ne mai kauri, da wani ɗan ƙas-ƙas a cikinsa, daga ƙarshe ya sirance kamar ana hura bakin kwalba. Mai Sauti yana riƙe da kofin shayi. Sai ya ga shayin yana rawa, ya duba da kyau, ashe hannunsa ne.

"Baba, lafiya?" in ji 'yarsa. Tana kan doguwar kujera, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan matashi, tana duba littattafan 'yan ajinta. Cikinta ya shiga wata tara, na fari ne bayan shekara goma sha ɗaya da aure, mijinta kuwa yana can yana aiki a jirgin ruwa, shi ya sa ta dawo wajen uban.

"Kin ji wannan ƙarar, Uwata?" Sunan mahaifiyarsa ta ci, bai taɓa kiranta da wani suna ba.

"Talabijin ɗin Kofur ce. Tun da kunnensa ɗaya ya mutu, duk layin nan tare muke kallo da shi, ko muna so ko ba ma so."

"Ni na yi ta."

"Talabijin ɗin? Ai gyara kawai kake yi masa."

"Ƙarar. Ni na yi ƙarar."

Da tsohuwar fanka ya yi ta, da cokali da ya ɗaura yana taɓa fukafukinta, da kwalbar magani da ya riƙa hurawa, sannan ya rage gudun tef ɗin. Shekara talatin ke nan. A lokacin shi ne mai haɗa sauti a gidan talabijin na garin, daga nan ya samo sunan, har yau da ya koma gyaran rediyo da talabijin a shagon ƙofar gidansa sunan bai sake shi ba.

Wani shiri suka yi, sunansa Tashar Gobe. Labarin wani birni ne na can gaba, inda mutane ba sa ganin rana sai a allo, birnin kuma tasha ɗaya gare shi, wadda take karanta labarai tun kafin su faru. In ta ce gobe gada za ta karye, to sai ta tura ma'aikatanta da dare su kwance kusoshin gadar, don kada a ce ta yi ƙarya. Masu Cika Magana ake kiran ma'aikatan nan. Ba a taɓa nuna fuskarsu ba, sai motarsu mai ruwan toka da ƙararta, ita ce wadda ya haɗa da fanka da cokali. Mai karanta labarai a shirin yana da wata magana da yake rufewa da ita kullum, yana murmushi: "Abin da muka nuna zai faru. Abin da ba mu nuna ba, bai faru ba." Daga nan sai a nuna kwali ɗaya, hoton mutum a manne, sunansa a ƙasa, a sama an rubuta GOBE. Daƙiƙa takwas ana kallonsa, ba kiɗa ba magana, sai ƙarar mota.

Mutane sun yi ta dariya a lokacin, don kowa ya gane da wa ake. Kashi goma sha biyu aka nuna aka tsayar. Amma masoya shirin ba su bar shi ya mutu ba. Sun yi ta kwafar kaset suna ba juna, 'ya'yansu suka ɗora a waya, har akwai samarin da ba a haife su ba lokacin, suna yawo da riga an rubuta GOBE a ƙirji.

Ta bangon sai ga murya ta biyo ƙarar, muryar yaro mai jin daɗin kansa. "Bayan shekara talatin a ɓoye! Tashar Gobe, kashi na goma sha uku, wanda ba a taɓa nunawa ba. Ranar Juma'a da ƙarfe takwas. Fuskar wa za mu gani?"

Mai Sauti ya ajiye kofin. Ya san fuskar.

Ba su da kuɗin ɗaukar 'yan wasa don kwalin ƙarshe, sai suka riƙa yanko fuskoki daga tsofaffin mujallun ƙasashen waje, su ƙirƙira musu suna. Sha ɗaya aka yi haka. Ranar da za a ɗauki na sha biyu mujallun suka ƙare, ga shi za a karɓe kyamarar a kai wa 'yan labarai har sati biyu, dole a ɗauki kashi biyu a yini ɗaya. Darakta ya ce kowa ya laluba aljihunsa. Mai fitila, wanda yake haska musu wurin ɗauka, ya ciro hotonsa na katin aiki, yana cewa a ƙarshe dai uwarsa za ta gan shi a talabijin. Mai Sauti ba shi da hoton kansa, bai yarda da kyamara ba, yana ganin kamar tana rage wa mutum wani abu. Hoto ɗaya ne a walat ɗinsa: Uwata tana shekara shida, haƙoran gaba biyu sun fita, an ɗaure mata gashi da jan ƙyalle. Ya miƙa yana dariya, aka ce na kashi na sha uku ne. Shi da hannunsa ya shafa gam, ya rubuta cikakken sunanta a ƙasa.

Aka nuna kashi na sha biyu ranar Juma'a. Ranar Asabar mai fitila ya hau tsani zai canja ƙwan fitila, tsanin da ya yi shekara tara yana hawa, ya faɗo ta ka, bai sake tashi ba. Aka tsayar da shirin, aka kulle kaset na sha uku a ɗakin ajiya. Su kuwa mutum sha ɗayan nan na mujalla, Mai Sauti ya sha tunaninsu in yana dalma a shago. Wani mai gemu da tabarau, wata mata tana tallan sabulu. Suna can wata ƙasa ba su san an manna su a kwali ba. Wa ya bi ya tambaya ko sun wayi gari?

Bai gaya wa 'yarsa komai ba. Da safe ya sa rigarsa mai kyau ya tafi gidan talabijin.

Ginin yana nan, amma an shafe shi da fenti mai ƙyalli, an sa gilashi inda katako yake. Ɗakin sautinsa ya koma wurin ajiye kujerun da suka karye. Manajan shirye-shirye bai fi sa'ar 'yarsa ba, waya biyu a hannu, ta uku a kan tebur. Da ya ji ko wane ne, sai ya miƙe tsaye.

"Kai ne mai ƙarar motar? Baba, ai kai tarihi ne! Zauna, zauna. Ke, kawo kyamara."

"Ba hira na zo ba, ɗana. Roƙo na zo. Kada ku nuna kashin nan."

"Saboda me?"

"Kun san abin da ya sami mai fitila."

"Tsani ya zame, Baba. Tsani yana zamewa ko ana talabijin ko ba a yi."

"Na sani. Ni ma haka nake gaya wa kaina. Amma kada ku nuna."

Manaja ya sunkuyo. "Ka san fuskar da ke ciki?"

"Na manta."

"Ba ka manta ba." Ya yi dariya, ya juya ga yarinyar da ta shigo da kyamara a kafaɗa. "Kin samu?" Ta ɗaga kai. Mai Sauti ya ga ɗan jan ido yana ci a goshin kyamarar, bai san tun yaushe ba.

Daga nan Manaja ya faɗi damuwarsa. Su kansu ba su ga kashin ba. Kaset ɗin irin na da ne mai faɗi, ya yi fumfuna, na'urar da ke karanta shi guda ɗaya ta rage a ginin, ita ma ta mutu tun kafin a ɗauke shi aiki. Sun tallata ne kawai, don kada wata tasha ta riga su.

"Kun sa rana ba ku ga abin ba?"

"In aka sa rana abu yana samuwa," in ji Manaja, hankalinsa a kan waya. "An ce kai kaɗai ka rage a garin nan mai iya tayar da irin na'urar. Zan aiko maka da ita da kaset ɗin."

Mai Sauti ya yi lissafi nan take. Kaset a hannunsa, ai magana ta ƙare. Ɗan maganaɗisu kaɗai ya isa ya share shi tas. "In kuma ya ƙi tashi fa? Tef ya tsufa."

"Ba komai. Akwatin takardun marigayi Darakta yana nan ƙasa, ba wanda ya buɗe. An ce kwalayen asali suna ciki. In kaset ya ƙi, mu fasa akwatin mu ɗauki kwalin da sabuwar kyamara. Wasan ba shi mutane suke jira ba, Baba, fuskar suke jira. Ko ta yaya ranar Juma'a za a ga fuska."

Kafin la'asar an kawo na'urar, ƙato biyu suka ɗauko ta da ƙyar suka dire a kan bencinsa. Kafin magariba kuma ya ga kansa a dukkan talabijin huɗun da ke kunne a shagon, tsoho mai rawar leɓe yana cewa, "Kada ku nuna. Kada ku nuna." Sun yanke maganar sun maimaita ta, sun sa ƙararsa a ƙarƙashi. A ƙasa an rubuta: Me yake tsoro?

Kofur ya leƙo da sandarsa, tsohon ɗan sanda ne, ya fi shekara ashirin suna maƙwabtaka. "Kai, tauraro! Yanzu sai mu riƙa neman izini kafin mu gaishe ka?"

"Rage ƙarar talabijin ɗinka dai, ka hana mai ciki barci."

"Me ka ce?"

"Na ce ka rage ƙara!"

"Ai ba ni da ƙara, kai ke da ƙara, duk gari an sani." Ya ƙyalƙyale da dariya, sannan ya rage murya, wato ya dawo daidai da muryar sauran mutane. "Tsakani da Allah, wane ne a ciki? Jikana ya ce Darakta ne. Ni na ce ai shi ya riga ya tafi, an yi asarar kwali."

"Je ka gida, Kofur."

Kwana biyu ya yi a kan na'urar. Bel ɗinta ya narke ya zama kamar kwalta, ya yanko wani daga tsohon tiyub na keke. Ya tarar da gidan ƙadangare a bayan injin, da ƙwai uku da ba su ƙyanƙyashe ba, farare ƙal, ya ɗebe su a hankali ya sa a gwangwanin da yake tara irin waɗannan abubuwa. Tef ɗin kuma ya bi shi taku-taku da auduga da sifirit, yana juya shi da yatsa. Yana da wani tunani da bai cika faɗa ba, wai hoto ba ya son duhu, in aka daɗe da kulle shi yakan fito da yunwa.

Ranar Laraba da hantsi ya rufe ƙofar shago ya danna. Allon ya yi ruwan ƙasa, ya yi layi-layi, sai ga birnin da ba rana, wanda suka gina da kwalayen sabulu. Ga mai karanta labarai da murmushinsa, shi ma ya daɗe da rasuwa. Mai Sauti ya zauna ya kalli minti ashirin da biyar, har ya yi dariya sau ɗaya, inda tashar ta sanar da cewa gobe jama'a za su yi farin ciki, aka ga Masu Cika Magana suna bi gida-gida da filaya suna jan bakunan mutane su yi murmushi. Sai maganar rufewa. Sai ƙarar mota.

Ga ta nan. Wawulo biyu, jan ƙyalle, kanta a ɗan karkace don mai hoto ya ce ta kalli tsuntsu. Sunanta da rubutun hannunsa. GOBE.

Ya ƙirga takwas. Ta bayan bango yana jin ta, babbar, tana jan silifa daga ɗaki zuwa kicin, tana tsayawa tana numfashi.

In ya share kaset, za su fasa akwati. In ya yanke kwalin ya bar wurin baƙi, za su fasa akwati. Ya daɗe yana kallon na'urar. Tana da wani maɓalli ja wanda yaran yanzu ba su san shi ba, mai ɗora sabon hoto a kan tsoho ba tare da ya taɓa sauti ba. Da shi suke gyara kuskure a da.

Ya fita ya nufi shagon mai hoto na bakin titi.

"Baba Mai Sauti da kansa! Yau kuma? Shekara nawa ina roƙonka ka zauna mini. Na fasfo ko na bango?"

"Ƙarami. Baƙi da fari."

"Tafiya za a yi ke nan?"

"Ɗauka dai."

"To ɗan saki fuska mana, ka tsaya kamar wanda aka kawo caji ofis."

Bai saki ba. Walƙiyar ta haske shi, ya ji ta har cikin haƙoransa.

Ya yanko kwali daga akwatin wata rediyo, ya shafa gam, ya manna. Ya rubuta GOBE a sama, hannunsa bai manta yadda yake lanƙwasa G ɗin ba. Ya rubuta sunansa cikakke, na yanka da na uba, wanda rabon da a kira shi da shi tun matarsa tana da rai. Ya jingina kwalin da gwangwanin ƙwan ƙadangare, ya saita tsohuwar kyamarar da wani ya kawo gyara bai dawo ɗauka ba. Ya mayar da tef daidai inda fuskar yarinyar take farawa. Yatsansa ya tsaya a kan jan maɓallin. Wannan ne kaɗai hotonta na yarinta da ya rage masa, na walat ɗin ai shi ya bayar, yana can kulle a akwatin Darakta.

Ya danna, ya ƙirga takwas, ya saki.

Ranar Alhamis Manaja ya kalla a ofishinsa, ya buga tebur. "Kai ne! Shi ya sa kake ta rawar jiki!" Sai ya matso da fuskarsa kusa da allon. "Amma Baba, shekara talatin baya kana da wannan furfurar?"

"Da wuri ta fito mini."

Manaja ya dube shi, ya dubi allon, ya sake dubansa. Murmushi ya bazu a fuskarsa a hankali. "Ya fi kyau a haka. Wallahi ya fi kyau. Mutumin da ya roƙe mu kada mu nuna, ashe shi ne. Ba wanda zai taɓa akwatin nan, kada ya ɓata mana labari." Har ya raka shi bakin ƙofa, abin da bai yi ba ranar farko. "Akwai ma wani abin mamaki da muke shirya wa masu kallo ranar Asabar. Ba zan faɗa maka ba."

"Wane iri?"

"In na faɗa ai ya tashi daga mamaki."

Ranar Juma'a da ƙarfe takwas ya so su kashe talabijin, 'yarsa ta ce ina, shirin da ubanta ya yi suna a kansa, ai sai ta gani. Ko sun kashe ma, ta Kofur tana nan. Ta yi dariya wajen filaya har ta riƙe ciki. Da kwalin ya fito sai dariyar ta tsaya. Ƙarar mota ta cika ɗakin, ta nan da ta bango da ta gidajen da ke bayansu, duk layin gurnani ɗaya.

"Baba."

"Wasa ne, Uwata. Kwali ne da gam."

"Wannan rigar bara na saya maka."

Ya kawar da kai daga allon.

"Ga aljihun da na ɗinke maka da baƙin zare, don farin ya ƙare. Wannan hoton bai yi sati ba." Ta juyo da ƙyar ta fuskance shi. "Wa ka cire?"

"Kwanta ki huta. Ƙafafunki sun ƙara kumbura."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta sake tambaya ba, sai ta kamo hannunsa ta ɗora a kan cikinta, inda ɗan yake shuri, ta riƙe shi a nan.

Asabar ta waye da rana tas. Bai buɗe shago ba. Ƙwan fitilar kicin ya mutu tun jiya, ya ɗauko kujera zai taka, 'yarsa ta ce in ya hau ita da shi ne, ya mayar. Wayarsa ta yi ta ƙara, 'yan jarida ne da samari masu rigar GOBE, wani ma cewa ya yi, "Baba, kana nan dai?" da ya ji muryarsa sai ya ce "Au," kamar bai ji daɗi ba. Ya kashe wayar. Ya yi aski, ya yanke farce, ya jera sukudirebobinsa daga babba zuwa ƙarami. Ya nuna wa 'yarsa inda makullin shago yake, ta ce ba ta son gani.

Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Ta fara cewa bayanta yana ɗan riƙewa, yana saki, yana dawowa. Ya ɗauko jakar asibitin da ta haɗa tun sati biyu ya ajiye a bakin ƙofa. Har ya fara jin kunyar kansa. Tsani ne ya zame, shi ke nan. Tsoho da shi, ya ɓata hoton 'yarsa saboda kwali.

Sai shayin da ke kan tebur ya fara rawa, ba a hannunsa yake ba.

Gurnani mai kauri, da ƙas-ƙas a ciki, da siririn hurin kwalba a ƙarshe. Ya dubi bango. Talabijin ɗin Kofur a kashe take, an ɗauke wuta tun azahar. Ta titi ƙarar take zuwa. Ta matso, ta matso, ta tsaya daidai ƙofar shago, ba ta mutu ba.

Abin mamakin Manaja ne, ya gaya wa kansa. Sun yi wa wata mota fenti sun ɗaura mata lasifika, yanzu yarinyar nan za ta fito da kyamara. Ya kasa kunne irin na mai sana'a. Tef ɗinsa yana da wani ɗan tsalle duk bayan daƙiƙa huɗu, inda ya haɗa bakinsa da gam. Ya ƙirga huɗu. Ya sake ƙirga huɗu. Bai ji tsallen ba.

'Yarsa ta riƙe hannun kujera, idonta a kansa. Ba wanda ya tashi ya ɗaga labule.

Aka ƙwanƙwasa da sanda, ƙofar ta buɗe, Kofur ya leƙo. Yau bai yi dariya ba, kuma a hankali ya yi magana.

"Ni da ba na ji ma ta hana ni sakat. Motar wa ce wannan mai ruwan toka a ƙofarku, ba a kashe ta ba, ba kuma wanda ya fito?"